Tsanin Iska na Katabu

Unguwar Kanawa, Kaduna
3 ga Mayu, 2024

Zuwa ga jikata Umaima,

Shekara ashirin da uku ke nan ba wanda ya tambaye ni komai a kanki. Da uwarki Sa'adiya ta ɗauke ki zuwa Kano kina tatata, ba a tambaye ni ba. Da aka sa ki makaranta, da aka tura ki Jamus karatun injiniya, duk a bakin baƙi na ji. Sau uku na gan ki da idona, ɗaya ma daga nesa ne a wurin biki. Sai shekaranjiya waya ta yi ƙara, wai an tuna kina da kaka.

Amma kada ki ce tsoho ya manta ladabi. Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya. Ya karatu, ya sanyin ƙasar mutane? Ni lafiya lau, in ban da gwiwar hagu da ke yi mini gardama in zan tashi daga sujada, da ido ɗaya da ya fara yana.

Ga yadda muka yi da uwarki. Bayan gaisuwa ta ce, “Baba, yarinyar nan ta shiga abin da ya kashe ubanta. Jirgin nan marar inji. Kai kaɗai za ka yi mata magana ta ji.”

Na ce, “Ni? Yarinyar da ko a kasuwa muka haɗu ba za ta gane ni ba?”

Ta ce, “Ita ta ce in kai ka hana ta, za ta bari. Don Allah, Baba, ka hana ta.”

Na ce to, zan rubuta miki. Ban gaya mata abin da zan rubuta ba.

Ga shi: ban hana ki ba. Ki hau.

Ba na jin an taɓa gaya miki ko ni wane ne, ban da tsohon nan mai faɗa na Kaduna. A 1974 gwamnati ta tura ni Ingila na koyi gyaran na'urorin jirgin sama, a can na fara hawa gilaida, wato jirgin nan marar inji. Da na dawo, ni da abokina Barnabas da wasu 'yan tsiraru muka kafa ƙungiya a wani fili a Katabu. Ba mu da jirgin da zai ja mu sama. Tsohuwar akori-kura ce da doguwar waya, Barnabas ya taka ta a guje har jirgi ya ɗaga, matuƙi ya saki wayar. A filin nan ubanki ya koya, a hannuna. Yau in kin je, gidan mai ne da masu buga bulo, ba wanda zai yarda an taɓa tashi daga wurin. Ƙasar nan ba ta ajiye komai.

Tun da za ki hau, ki ji abu ɗaya daga wanda ya sani. Iskar nan mai zafi da ke tasowa daga ƙasa ta ɗaga jirgi, mu a Katabu tsani muke ce mata. Tsani ɗaya, masu son hawa da yawa, kuma a nan ake mutuwa. Na ga ƙa'idarsa a wurin ungulayen mahauta tun kafin Bature ya koya mini. Wanda ya riga shiga shi ke da juyi: in hagu yake kewayawa, kowa hagu. Ki tsaya a ɗaya gefen da'irar, inda kina ganinsa yana ganinki. Kada ki bi bayan wani ta sama, kada ki shiga ƙarƙashin cikinsa. In kika daina ganin jirgin da kika san yana nan, ki faɗa a rediyo, ki fita. Yanzu ungulayen ma sun ƙare a garin nan, sai masu babbar riga.

Ba na rubutu a waya, ba kuma zan koya ba. Barnabas zai kai wannan takarda shagon 'yarsa Naomi a Kawo, ta ɗauki hotonta ta aiko miki. In kin ba da amsa ta buga mini ita a takarda. Kada ki rubuta abin da ba kya son Naomi ta karanta, don za ta karanta.

Kakanki,
Rabe Muhammad


Jamus
19 ga Mayu, 2024

Kaka, angona mai faɗa,

Wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarka sau huɗu. Ina lafiya, karatu da godiya. Sanyi ya wuce, yanzu rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara. Allah ya ba gwiwa lafiya. Ka ce ba zan gane ka a kasuwa ba. Zan gane ka sarai: kai ne wanda zai tsaya yana yi wa mai tumatir lacca. Ina gaishe da Baba Barnabas, da Anti Naomi tun da na san tana karantawa.

Mama ta yi kwana shida ba ta ɗaga wayata. Amma ba shi ya sa na jinkirta amsa ba.

Ranar Asabar ta makon jiya na tafka kuskure. Saura mini tashi biyu ko uku a bar ni in hau ni kaɗai. Muna sama da malamata Katarina, tana kujerar baya, ni ke riƙe da sanda. Na samu tsani mai kyau ina kewayawa hagu, sai wani tsoho mai suna Otto ya shigo mana. Shi ya kafa ƙungiyarmu, shekararsa saba'in da shida, ya fara tashi tun ba a haifi Mama ba. Na gan shi sau biyu a ɗaya gefen. A kewaye na uku ban gan shi ba.

Kaka, na san ƙa'ida. Wasiƙarka ma tana aljihuna. Yatsana yana kan maɓallin rediyo. Amma sai na ce a raina, ni wace ce, ɗalibar jiya, da zan kira dattijo kamar wannan kowa yana ji, in ce masa ina kake? Ai ya fi ni sani. Na yi shiru. Sai na'urar gargaɗi ta kama ihu da jar wuta, Katarina ta fizge sandar, muka karkace. Ya wuce ta samanmu, har na ga lakar da ke jikin tayarsa.

Da muka sauka ta ce, “Kin daina ganinsa?” Na ce e. Ta ce, “Tun yaushe?” Na ce kamar sakan goma. Ta ce, “Me ya hana ki magana?” Na rasa yadda zan faɗa mata da Jamusanci cewa nauyinsa na ji. Na yi ta kame-kame. Ta ce ba za ta sa hannu in tashi ni kaɗai ba sai ta tabbata ina da baki. Kuma a nan ƙarshen Satumba ake rufe tashi sai wata shekara.

Yanzu ga tambayata. Kafin in taho na ga wata takarda a akwatin Mama, rahoton kwamitin da ya binciki hatsarin Babana. An rubuta cewa ƙaramin matuƙin ya karya dama ba zato, ba tare da dalili ba, ya shiga hanyar ɗaya jirgin. Ban taɓa tambayar kowa ba. Mama ko an ambaci abin sai ta tashi daga wurin. Kai kana nan ranar. Gaskiya ne shi ya yi kuskuren? Ina so in sani ko irin kanmu ɗaya ni da shi.

Amaryarka,
Umaima


Unguwar Kanawa
2 ga Yuni, 2024

Umaima, amarya mai tsiwa,

Bayan gaisuwa. Damina ta sauka, kwanon ɗakina yana yoyo daidai inda nake ajiye littattafai. Gwiwa tana nan yadda take. Barnabas yana amsawa. Naomi ta ce ba ta karanta wasiƙar kowa, amma ta amsa gaisuwar.

Rahoto! Mutum biyar suka rubuta shi, babu ɗaya da ya taɓa barin ƙasa sai a kujerar fasinja da kofin shayi a hannu. Uku daga cikinsu a ƙarƙashin Alhaji Sagir suke aiki. Ba ki san shi ba. Darakta ne a wata ma'aikata, shi ne shugaban ƙungiyarmu, shi ya kawo mana jirgi na biyu, kuma shi ne a cikin ɗaya jirgin da rahoton ya ambata. Zamansa a sama duka bai kai sulusin na ubanki ba.

Asabar ce, cikin bazara, wajen ƙarfe ɗaya na rana. Ubanki ya riga tashi, ya kama tsani a saman gonakin da ke gabas da titin Zariya, ya kai ƙafa dubu huɗu yana kewayawa hagu, tsaf kamar an zana da alƙalami. Alhaji ya yi sama a wani tsani can arewa. Da nasa ya mutu, sai ya hango na yaro ya fi kyau, ya gangaro kansa. Haka manyan ƙasar nan suke ko a ƙasa. Ya shigo ta sama ta baya, daidai inda na ce miki kada ki shiga. Hancin jirginsa ya rufe masa abin da ke ƙasa, shi kuma ubanki ba shi da ido a ƙeya. Fiffiken Alhaji ya datse wutsiyar jirgin yaron.

Lemar tsira ɗaya ce mai kyau a ƙungiyar, ɗayar tana jiran gyara tun Janairu. Wa kike jin aka ɗaura wa? Ba a ma yi shawara ba. Ubanki da hannunsa ya ɗaura masa, yana cewa ranka ya daɗe. Alhaji ya yi tsalle, ya karya idon sawu. Ya ƙara shekara goma sha huɗu a duniya, ya mutu a kan katifarsa, aka yi kwana uku ana ta'aziyyarsa a rediyo.

Ƙungiya ta watse. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce mini ƙaddara ce, Malam Rabe, a yi haƙuri. Na yarda da ƙaddara fiye da su. Amma ba ƙaddara ce ta zauna ta buga ƙarya a keken rubutu ba. Na yi shekara huɗu ina yawo ofis-ofis da takarda a hannu ina cewa a gyara rahoton nan, har masinjoji suka sa mini suna Baba Gilaida, in na shigo su riƙa ware hannu suna kewaya teburi.

Game da tsohonki Otto, malamarki ta yi daidai, da ni ne ma sai na ƙara miki wata guda. Kuma kada ki jingina da na'urar nan mai ihu. Mu ba mu da ita, wuya muke juyawa har ya yi ciwo. Ranar da batirinta ya mutu, idonki da bakinki ne kawai suka rage. Sama ba zaure ba ce. Babu dattijo a can, babu yarinya. Jirgi biyu ne da iska.

Kin tambaye ni ko irin kanku ɗaya. Zan faɗi abu ɗaya in tsaya. Ba Alhaji kaɗai ba ne. Abin da ya ƙarasa ubanki daga gidanmu ya fito, kuma da na karanta wasiƙarki na gan shi a ciki, bai canza ba ko kaɗan.

Hannuna ya gaji.

Kakanki,
Rabe


Jamus
9 ga Yuni, 2024

Kaka,

Ina gaishe ka, Allah ya ƙara lafiya. Ni ma lafiya.

Na gane. Ashe rahoton bai yi ƙarya duka ba. Na gode da ba ka ɓoye mini ba, na san ba abu ne mai sauƙi uba ya faɗi haka a kan ɗansa ba.

Jiya na mayar wa Katarina littafin da ake rubuta tashina, na ce na bari. Ta ce in yi tunani, na ce na gama. Na gaya wa Mama, ta yi kuka, ta ce za ta yi sadaka. Tun da abin a jini yake, gara in zauna a ƙasa kafin in ɗauki ran wani. Ka ce ba ka hana ni ba, kuma ba ka hana ba. Ni na hana kaina.

A gaishe da mutanen gida.

Umaima


Unguwar Kanawa
4 ga Agusta, 2024

Umaima,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ni jiki da sauƙi, an gyara kwanon. Ba rashin lafiya ce ta hana ni rubutu ba, kada ki ba ni wannan uzurin. Wasiƙarki ta iso tun goma ga Yuni. Na fara amsa sau shida ina yagewa.

Yau da rana Barnabas ya biyo daga coci, ya zauna a kujerar da yake zama, ya ce, “Malam Rabe, Naomi ta ce wata biyu babu takarda. Biro ne ya ƙare?”

Na ce, “Ina ruwanka?”

Ya ce, “Ruwana? Ni na ja yaron nan sama da motata. Kuma ina tsaye kusa da kai ranar, ba a gida na baro kunnena ba. Shekara ashirin da uku na kama bakina, na ce maganar uba ce, shi zai faɗa. Yanzu za ka bar yarinya ta ɗauki kayan da ba nata ba, yadda ka bar ubanta ya ɗauka?”

Na ce ya fita mini daga gida. Ya ce sai ya sha shayinsa. Ya sha, ya ce sukari ya yi kaɗan, ya fita.

Kin karanta ni a karkace, amma ni na rubuta a karkace. Ga ta a miƙe.

Ubanki ɗan farina ne. Ke 'yar zamani ce, amma kin san al'ada: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a nuna ana son sa gaban mutane. Ni da na yi Ingila, nake yi wa mutane dariyar camfi, wannan ɗaya ban bar ta ba. Har alfahari nake da ita, a ce Rabe ya yi boko amma bai zubar da kunya ba. “Kai” nake ce masa, ko “yaron nan”. Ko takardar makarantarsa ƙanena Salisu ke cikewa. Shekara ashirin da biyar a haka.

A Katabu ba ma wahalar da kanmu da lambar jirgi, suna muke kira a oba-oba. Kowa nakan kira sunansa, ban da shi. Muddin shi kaɗai ne a sama, “Kai” ta isa. Ranar ce farkon da jiragen biyu suka haɗu a tsani ɗaya.

Ina ƙasa da oba-oba a hannu, ina ganin su biyun. Na ga Alhaji yana saukowa a kansa. Akwai lokaci. Abin da ake bukata kawai in kira sunansa in ce ya fita ta dama, Alhaji ya ci gaba da juyinsa na hagu, su rabu. Na danna. Na buɗe baki. Sunan ya zo maƙogwaro ya tsaya. Ba mantawa na yi ba. Harshen da aka hora shekara ashirin da biyar ne ya yi abin da aka koya masa. Barnabas ya ce sakan uku ne. Sannan na ce, “Kai, fita dama!”

Dukansu tasha ɗaya suke ji. Ubanki ya san wannan “Kai” tun yana goye, ya karya dama nan take, ko dubawa bai yi ba. Alhaji ya firgita, bai san da wa ake ba, shi ma ya karya dama. Umarnin mutum ɗaya, mutum biyu suka bi.

Rahoton ya ce ya juya ba dalili. Da dalili. Ni ne dalilin. Kwamiti bai tambayi abin da aka faɗa a oba-oba ba. Alhaji bai faɗa ba, don shiru ya fi masa. Ni ma ban faɗa ba. Shekara huɗun da na yi ina yawo ofis-ofis, so nake a wanke yaron ba tare da an taɓa ni ba, ina neman wanki ba jiƙa hannu. Ban janye ko kalma ɗaya a kan Alhaji ba, ya shiga inda ba a shiga. Amma rabona na ajiye a aljihu.

Saboda haka abin da na gani a wasiƙarki ba kan ubanki ba ne, bakina ne. Yatsa a kan maɓalli, harshe a ɗaure, don an ce mana ladabi ke nan. Shi bai taɓa kuskure a sama ba, sai na jin maganata.

Ba zan roƙe ki gafara a takarda ba, ba na kuma son tausayi. Amma kada ki kuskura ki mai da wannan hujjar zama a ƙasa. Ba a jini yake ba. Koya mana aka yi, abin da aka koya kuwa ana iya kwance shi, ke da sauran ƙuruciyarki. Kunya ta ci mutum ɗaya a gidan nan, ba zan miƙa mata ta biyu ba. Ki koma wurin malamarki ki karɓi littafinki. Ki kira tsohon nan da sunansa har ya gaji da jin muryarki. In ya ji haushi, ya ji shi a ƙasa yana da rai.

Naomi, na san kin kai nan. Ki aika wa Sa'adiya kwafi ita ma. Ta yi shekara ashirin da uku tana ajiye da takardar da ta ce mijinta ne mai laifi.

Kakanki,
Rabe


Jamus
22 ga Satumba, 2024

Kaka,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, da fatan gwiwa da ido sun yi sauƙi. A gaishe da Baba Barnabas, a ƙara masa sukari.

Na yi mako uku ina fushi da kai. Har yanzu ban gama ba, kada ka ɗauka wannan wasiƙar sulhu ce. Tun ina firamare nake jin kunyar a tambaye ni yadda Babana ya rasu, ashe amsar tana Unguwar Kanawa tana shan shayi.

Mama ta kira ni ranar da kwafin ya isa gare ta. Muka gaisa. Daga baya ta ce, “Ki gaya wa Baba na gani.” Na ce, “Mama, zan koma.” Ta ce, “Ban ce ki koma ba.” Ba ta kuma ce kada in koma ba.

Na koma ƙarshen Agusta. Wannan karon na samu Jamusancin da zan yi wa Katarina bayani, na ba ta labarinka duka, ka yi haƙuri ko kada ka yi. Ta sa ni kiran duk jirgin da na gani da wanda na daina gani, har 'yan ƙungiya suka fara ce mini gidan rediyon Kano. Ranar bakwai ga wata ta sa hannu, na tashi ni kaɗai. Jirgin ya yi sauƙi da babu kowa a baya, har na ji tsoron shirun.

Jiya ne karo na biyar. Na kama tsani, ina kewayawa hagu, sai ga Otto. Sau uku ina ganinsa, na huɗu babu shi. Kaka, nauyin nan ya zo, daidai yadda ka faɗa, a maƙogwaro. Na danna na ce, “Otto, Umaima ce. Ba na ganinka. Zan fita ta dama, ka ci gaba da juyinka.” Na duba, na fita. Na rasa tsanin, minti goma bayan haka na sauka. Da ya sauko ya nufo ni, na ce a raina yau zan sha faɗa. Sai ya ce shi ma ya daina ganina a lokacin, wuyansa ba ya juyawa kamar da, kuma bai so ya faɗa gaban yara ba. Ashe ba mu kaɗai ba ne.

Saura abu ɗaya. Na jera wasiƙunka uku na duba. Ubanki. Yaro. Yaron nan. Ko a wadda ka faɗi komai ba ka rubuta shi ba. Kai ka ce sama ba zaure ba ce. To, takarda ma ba zaure ba ce, angona. Ban yafe ba tukuna, amma ka fara da wannan.

Umaima


Unguwar Kanawa
29 ga Satumba, 2024

Umaima,

Bayan gaisuwa. Lafiya lau. Ruwa ya fara ja baya. Tsanin da kika rasa ba asara ba ne, wani yana nan gobe. Amma ki duba kafin ki danna, ba bayan kin danna ba. Kada ki ɗauka don kin tashi sau biyar kin fi ƙarfin gyara.

Jiya na sa Barnabas ya raka ni Katabu. Mun sha wuya kafin mu gane wurin, duk an yi gini. Wani mai buga bulo ya ce, “Baba, fili kuke nema? An sayar tuntuni.” Barnabas ya ce masa, “Mun riga ka sanin filin nan, ɗana, yi aikinka.” Daga ƙarshe tsohuwar tsamiya ce ta nuna mana. Na tsaya a gindinta na kira sunan da ƙarfi, sau ɗaya, da irin muryar da ya kamata in yi ranar. Masu bulo suka tsaya suna kallona. Su kalla.

Kin ce in rubuta. Ni ne kakanki Rabe, da hannuna, ba Salisu ba.

Sunansa Ismail. Ɗana ne na fari. Ya rasu ranar Asabar, bakwai ga Afrilu, 2001, a wata gonar rogo gabas da titin Zariya, yana da shekara ashirin da biyar, ke kina da wata huɗu.